Yayana Ya Ce Wata Duniya Na Tafe Za Ta Hallaka Mu, Gardama Ta Raba Mu

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Matsalata da yayana ce. Shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama jami'a a fannin kimiyya. Tun da kasuwancinsa ya karye bara, ya koma kwana a kan waya yana kallon bidiyo. Yanzu ya haƙiƙance cewa akwai wata ƙatuwar duniya mai suna Nibiru da ke tunkaro mu, wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da manyan ƙasashe sun sani suna ɓoyewa. Hujjojinsa su ne hotunan da ake ganin rana biyu a ciki, da farin layin da jirage ke bari a sama, da zane-zanen mutanen da na Iraƙi da Masar, da idon nan na bayan takardar dalar Amurka. Ranar da na je gidansa ya ɗauko zancen, ina yi masa bayani yana katse ni, har raina ya ɓaci na ce masa duk shirme ne, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya ce da kuɗinsa na je aka wanke mini ƙwaƙwalwa. Yau mako uku ba ya ɗaga wayata. Matarsa ta faɗa mini 'yarsu mai shekara tara ta daina kwana ita kaɗai, kullum tana tambaya yaushe duniya za ta tashi. Shi kuma yana maganar sayar da filinsa ya tara kayan abinci, har yana cewa biyan kuɗin makarantar yara ba shi da sauran amfani. Na san ni ke da gaskiya, amma ina neman rasa yayana. Yaya zan yi?

Ƙanwa mai damuwa

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka wa yayanki da alheri a kan riƙon da ya yi miki.

A kan maganar sama ke ce da gaskiya, kuma zan ba ki dalilan da za ki riƙe. A kan abin da ya faru a gidansa kuwa ba ki kyauta ba, kuma daga nan za ki fara gyara. Ki dubi mutumin nan da kyau. Ya tsaya miki a matsayin uba, kasuwa ta juya masa baya, yana jin girmansa na zubewa a idon iyalinsa, sai ga yarinyar da ya rena da hannunsa ta kira maganarsa shirme a gaban 'ya'yansa. Wallahi a ranar bai ji hujjarki ko ɗaya ba. Abin da ya ji shi ne, ilimin da ya saya miki da guminsa ya zama sandar dukansa.

Don haka ki bar kiran waya, ki taka ki je. Ki zaɓi lokacin da yake shi kaɗai, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce: "Yaya, haƙuri na zo ba ka. Yadda na yi maka magana a gaban yara bai dace ba." Ki tsaya a nan. Kada ki ɗora da "amma", domin duk ban haƙurin da aka bi shi da "amma" sabon faɗa ne. Kuma kada ki yi masa ƙaryar cewa kin yarda da Nibiru don a zauna lafiya. In ya tambaye ki ko yanzu kin gane, ki ce: "Ban gamsu ba tukuna, Yaya. Ina so ka nuna mini abin da ka gani, ni ma in nuna maka abin da na sani, mu biyu kawai."

Ke da bakinki kika ce abin ya fara ne bayan karyewar jarinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da komai ya kuɓuce masa, irin wannan labari yana mayar masa da wani abu: ya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka farga alhali jama'a na barci, kuma idan duniyar ce gaba ɗaya za ta tashi, to asarar da ya yi ba ta da sauran nauyi. Wayar kuma tana ƙara masa, don manhajojin nan an gina su ne su riƙa kawo wa mutum irin abin da ya fi daɗewa yana kallo. Ya kalli ɗaya, an kawo masa goma. A idonsa duk duniya maganar take yi, ke kaɗai ce kika toshe kunne.

Akwai kuma inda yake da gaskiya, kuma ina so ki furta masa hakan da bakinki kafin komai. Gwamnatoci suna ƙarya. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da magani ba, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an samu maganinta. Tarkacen da ya faɗo kusa da garin Roswell na Amurka a 1947, sojojin ƙasar sun ce balan-balan ɗin duba yanayi ne, sai a 1994 suka amsa cewa na wani shirin sirri ne na sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ma ta amsa cewa da yawa daga cikin abubuwan da mutane suka riƙa gani a sama a shekarun 1950 da 1960 jiragen leƙen asirinta ne, aka riƙa ba jama'a wani bayani daban. Wanda ya ce kada a yarda da duk abin da hukuma ta faɗa ba mahaukaci ba ne. Sai dai ki lura da irin abubuwan da aka iya ɓoyewa: takardu a ofis, jirgi a sansanin soja, fayil a asibiti. Su ma daga baya asirinsu ya tonu. Sama kuwa ba ta da ƙofa balle a sa mata kwaɗo, kuma a nan ne zancen Nibiru yake rushewa.

Labarin kansa ba tsoho ba ne kamar yadda masu bidiyo ke nunawa. Wani marubuci mai suna Zecharia Sitchin, wanda tattalin arziki ya karanta a Landan, ya fitar da littafi a 1976 yana cewa ya gano a rubutun Sumeriyawa, mutanen da na kudancin Iraƙi, labarin wata duniya da ke zagayo rana sau ɗaya a shekara 3,600. Masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan rubutu ba su yarda da fassararsa ba. Zancen karo da duniyarmu ma ba nasa ba ne. Wata Ba'amurkiya, Nancy Lieder, ita ta fito da shi a 1995, tana cewa wasu halittu na wata duniya ne ke yi mata magana a cikin kanta, ta kuma sa lokaci: watan Mayu na 2003. Mayu ya zo ya wuce. Sai masu yaɗa zancen suka mayar da shi 21 ga Disamba 2012, suka liƙa shi da kalandar mutanen Maya na yankin Meziko, alhali abin da ya ƙare a ranar zagaye ɗaya ne na lissafinsu, sabo ya fara. Akwai ma rubutunsu a tsohon birninsu na Palenque da ya ambaci wata rana a shekarar 4772. Da 2012 ta wuce, wani David Meade ya sa 23 ga Satumba 2017, ya ɗaga zuwa Oktoba, aka sake ɗagawa zuwa Afrilun 2018. Bidiyon da yayanki ke kallo yau, da yawansu tsofaffin nan ne aka canza musu kwanan wata.

Yanzu ga abin da ya fi kowane tarihi ƙarfi. Duniyoyi ba su da hasken kansu, hasken rana suke maidowa, kuma da shi muke ganinsu. Mushtari, wato Jupiter, tana nesa da rana da kimanin kilomita miliyan 778, amma duk wanda ya ɗaga kai da dare a lokacinta zai gan ta ta fi taurari haske. Zuhalu, wato Saturn, ta kusa ninka wannan nisa, ita ma ido na ganinta ba tare da na'ura ba. Duk abin da ke faɗowa daga can nesa zuwa wajen rana, idan saura shekara guda ya iso mu, to yana wajen nisan Mushtari ne. Duniya mai girman tamu a wannan nisa, balle wadda ta ninka ta, makiyayi a daji zai gan ta, matuƙin jirgin ruwa zai gan ta, yayanki zai gan ta daga tsakar gidansa. Zai ce miki baƙa ce, ba ta da haske. Ki ce masa wata ma duwatsunsa masu duhu ne, kusan kashi 12 cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kansa yake maidowa, ga shi kuma yana haska dare. Zai ce ta ɓuya a bayan rana. Mu ai zagaya rana muke yi. Ɓangaren saman da rana ta tare yau, bayan 'yan watanni shi ne a kanmu da tsakar dare. Zai ce daga ƙuryar kudancin duniya kaɗai ake hangenta. Duk abin da ake gani daga can, mutanen Ostireliya da Afirka ta Kudu da Ajantina suna ganinsa.

Kuma NASA ba ita kaɗai ke kallon sama ba. Rasha na kallo, Sin na kallo, Indiya da Iran da Japan na kallo, ƙasashen da wasunsu ba sa ga maciji da juna, waɗanda kowacce za ta so ta kunyata 'yar'uwarta. Ban da su akwai dubban mutane masu sha'awa, da ke kwana a waje da na'urar hangen nesa da suka saya da kuɗinsu. A daren 23 ga Yuli 1995, mutum biyu a wurare daban-daban a Amurka, Alan Hale da Thomas Bopp, suka gano tauraruwa mai wutsiya tun tana bayan Mushtari. Bopp ba ma'aikacin kowace hukumar sama ba ne, da na'urar abokinsa ma ya gan ta. Dunƙulen wannan tauraruwa 'yan gomman kilomita ne kacal. A 2009 wani mai sha'awa a Ostireliya, Anthony Wesley, shi ya fara ganin tabon da wani abu ya bari da ya faɗa kan Mushtari, manyan cibiyoyi daga baya suka juya na'urorinsu. In ƙananan abubuwa irin waɗannan ba su tsere wa idon masu sha'awa ba, ƙatuwar duniya ta ina za ta bi?

Akwai wani ɓangare da nake so ki ba shi a matsayin kyauta, domin zai ji daɗinsa. Neman ɓoyayyar duniya aikin masana ne na gaske, kuma a fili suke yinsa. Bayan an gano duniyar Uranus a 1781, aka lura tafiyarta na kaucewa lissafi. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya zauna da alƙalami ya lissafa inda abin da ke janta yake, ya aika wasiƙa Balin ta Jamus, kuma a daren 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya duba wurin ya ga sabuwar duniya, wato Neptune. Shi dai Le Verrier ya sake cewa akwai wata duniyar tsakanin rana da Mercury, duniyar da ta fi kusa da rana, aka yi shekaru ana nema ba a samu ba, har Einstein ya warware matsalar a 1915 ba tare da wata sabuwar duniya ba, masana suka bar zancen. A 2016 kuma masana biyu a jami'ar Caltech, Konstantin Batygin da Michael Brown, suka ce tafiyar wasu ƙananan dunƙulen ƙanƙara can bayan Neptune tana nuna mai yiwuwa akwai duniya ta tara, wadda ta ninka tamu nauyi sau biyar zuwa goma. Sun buga lissafinsu kowa ya gani, wasu masanan sun yarda, wasu sun musa, ana ta nema. Idan ma tana nan, nisanta ya ninka tsakaninmu da rana sau ɗaruruwa, zagayenta ɗaya dubban shekaru ne, kuma hanyarta ba ta biyowa ta nan. Masu bidiyo sukan ɗauki wannan labari su ce ga NASA ta amsa Nibiru. Ki nuna masa bambancin a hankali. Wanda ya gano sabuwar duniya sunansa ya shiga tarihi har abada. Babu masanin da zai gan ta ya yi shiru.

Maganar rana biyu kada ki yi ta da baki. Gani ya kori ji. Ku fita tare da wayarsa da hantsi ko da yamma, ku kula kada ku kalli rana da ido, fuskar waya kawai za ku duba. Ya saita kyamara a kan rana. Sau da yawa wani ɗigon haske zai fito a gefe, kore ko shuɗi-shuɗi. Ki ce ya karkata wayar hagu, ɗigon zai gudu. Ya karkata dama, zai koma ɗaya ɓangaren. Sannan ya matsa inda bango ko reshen bishiya zai tare rana ita kaɗai, ɗigon zai ɓace ɗif, alhali wurin da yake a sama babu abin da ya rufe shi. Haske ne ke karo tsakanin gilasan da ke cikin kyamara. Abin da ke sama da gaske ba ya bin motsin hannun mutum. Ki bar shi ya riƙe wayar da kansa, kuma in ya gani kada ki ce "ka gani ko?" Ki yi shiru, ki bar abin ya zauna masa.

Akwai wani nau'in da ido ma ke gani, ba kyamara kaɗai ba: haske biyu a dama da hagun rana, wani lokaci da zobe kewaye da ita. Wannan ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne masu kusurwa shida a cikin siririn gajimare na can sama, suna karya haske. Alamarsa ita ce nisansa da rana kimanin digiri 22 ne, wato kamar taƙi ɗaya in ka miƙa hannunka sosai. An gan shi a Stockholm a 1535 har aka zana shi, mutanen lokacin ma suka ɗauka alamar bala'i ce. Layin jirage kuwa tururin ruwa ne daga inji, yana daskarewa a tsayin da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. In iskar wurin busasshiya ce ya ɓace nan da nan, in tana da laima ya daɗe ya bazu. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ake ɗaukar hotonsa. Jerin fitilun da ke tafiya a layi da dare taurarin ɗan'adam ne na Starlink, da aka fara harba su rukuni-rukuni a 2019. Murɗaɗɗen hasken da ya tsorata mutanen Norway a Disambar 2009 makami mai linzami ne na Rasha da ya lalace a gwaji, yana juyawa yana fesar da mai.

Zane-zanen mutanen da sun fi wuyar sha'ani, domin hoto ne ake nuna wa mutum a ce masa "duba da idonka", kuma lallai ido na ganin kama. Ɗauki wanda ya fi yawo, "jirgi mai saukar ungulu" na wani ɗakin bauta a Abydos ta Masar. Gini ne na Fir'auna Seti na Ɗaya, ya haura shekara 3,200. An sassaƙa kirarin sarautarsa a jikin dutse. Da ɗansa Ramses na Biyu ya hau mulki, ma'aikata suka cike rubutun da farar ƙasa, suka sassaƙa kirarin sabon sarki a kai. Shekaru suka ja, cikon ya zube, rubutu biyu suka hau juna, sai haɗuwarsu ta ba da siffar jirgi. Masu karanta rubutun Masar suna iya ware kowanne su karanta shi daban.

Na Iraƙi da ake cewa taswirar rana da duniyoyinta ce, wani ɗan ƙaramin hatimi ne na dutse da ke gidan tarihi a Balin, da tauraro a jikinsa da ɗigogi kewaye. Mutanen wurin suna da sananniyar alamarsu ta rana, mai tsini huɗu da layuka masu lanƙwasa a tsakani, ga ta nan a ɗaruruwan zane, kuma ba ita ce a kan hatimin ba. Rubutun da ke jikinsa bai ambaci sama ba sam. Su kuwa Babilawa, su ma mutanen da na Iraƙi, ba su bar mu da hasashe ba: sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a sama dare bayan dare a kan allunan laka, kuma duniyoyi biyar ne a ciki, waɗanda ido ke gani. Sunan Nibiru yana cikin rubutunsu, suna danganta shi da gunkinsu Marduk, galibi kuma Mushtari suke nufi. Zai ce ta yaya aka san fassarar masana ce daidai ba ta Sitchin ba. Tambaya ce mai kyau, an kuma yi ta tun 1857. A shekarar wata ƙungiyar masana a Landan ta ba mutum huɗu rubutu ɗaya na wani sarkin Assuriya, kowa ya fassara shi kaɗai, ya rufe a ambulan ya aiko. Da aka buɗe, fassarorin sun dace a kan muhimman abubuwa. Tun daga nan dubban mutane a ƙasashe daban-daban suka koyi rubutun, kowa na iya duba aikin ɗan'uwansa.

Idon dala ba sai kun daɗe a kansa ba. Yana cikin hatimin gwamnatin Amurka tun 1782, an sa shi a takardar kuɗi a 1935, kuma masu zanen coci a Turai sun daɗe suna amfani da shi da ma'anar Allah na gani. Ƙungiyar Illuminati da ake jingina masa an kafa ta a Bavariya ta Jamus a 1776, hukuma ta murƙushe ta cikin shekara goma. Ido, da'ira, tauraro, kusurwa uku, babu al'ummar da ba ta zana su ba, don kowa na da ido kuma kowa na ganin rana. Wanda ya fita nemansu zai same su a kowane bango.

Duk wannan na ba ki ne don zuciyarki ta natsu, ba don ki je ki juye masa shi a zama ɗaya ba. In kika yi haka kin koma gidan jiya. Irin wannan gardama tana da wata ɗabi'a: kina warware ɗaya, ya tsallaka zuwa wata, daga Nibiru zuwa jirage, daga jirage zuwa Fir'auna, har ki gaji, shi kuma ya ɗauki gajiyarki a matsayin nasara. Ki roƙe shi ya zaɓi hujja ɗaya, wadda ya fi amincewa da ita duka, ku tsaya a kanta har ku gama. Ki fi yawaita tambaya a kan bayani. "Yaya, wa ya fara faɗin wannan? Me ya ce a 2012? Yaya yake samun kuɗi da bidiyon nan?" Tambayar da ta fi kowacce ita ce: "Me za ka gani ka ce ba gaskiya ba ne?" Ke ma ki ba da taki amsar, don adalci: in wani sabon haske ya bayyana a sama yana ƙara girma mako bayan mako, ko husufi ya saɓa lokacin da aka lissafa masa, za ki zo ki ce ya yi gaskiya. Wannan na biyun ba ƙaramin ma'auni ba ne, domin ƙatuwar duniya da ta matso za ta ja wata da duniyarmu ta ɓata lissafi, ga shi kuwa tun shekaru aka san cewa ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta yi cikakken husufi na fiye da minti shida a kusa da Luxor ta Masar. In masu bidiyonsa sun sa rana, ku rubuta ta a takarda ku biyu, ku ajiye. Ranar da ta wuce kada ki yi masa dariya, ki tambaye shi kawai yadda yake gani.

Abu biyu ne ba za su jira ya gamsu ba: yarinyar nan da filin nan. A kansu ba gardamar taurari za ki yi ba, maganar amana ce. Ki ce masa: "Yaya, ko da abin nan gaskiya ne, me yarinya 'yar shekara tara za ta iya yi a kai ban da tsoro? Ka bar zancen a tsakanin manya." Uba mai son 'ya'yansa, kuma wanda ya rene ki na san yana da wannan zuciyar, zai ji wannan ko bai ji sauran ba. Ita kuma yarinyar, ke da mahaifiyarta ku gaya mata a fili cewa babu abin da ke zuwa, mutane da yawa masu manyan na'urori suna duba sama kowane dare, ba tare da kun zagi babanta a gabanta ba. Ku ce Baba ya ga wani bidiyo ne da ya dame shi.

Maganar fili da kuɗin makaranta ta fi ƙarfinki ke kaɗai, kuma bai kamata ta fito daga bakin ƙanwa ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifiyarku in tana raye, ko kawu, ko malamin da yake girmamawa. Abin da za a nema a wurinsa kaɗan ne: kada ya sayar da komai, kada ya cire yaro daga makaranta, har ranar da aka sa ta wuce. In ya yi gaskiya bai yi asarar komai ba, in bai yi ba filinsa na nan. Malami zai tuna masa abin da ya riga ya sani, cewa da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW) lokacin tashin alƙiyama, ya ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Da cewa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwar ne, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Da umarninsa cewa ko alƙiyama ce ta zo alhali dashen dabino na hannun mutum, in ya samu dama ya dasa. Ya kamata kuma yayanki ya san cikakken abin da Sitchin ya rubuta, don masu bidiyo sukan yanke wannan: cewa ya yi mazauna Nibiru ne suka ƙirƙiri ɗan'adam don ya haƙa musu zinariya. Ki bar malami ya faɗa masa wannan. Daga bakinki zai ji kamar kina tuhumar imaninsa.

Kada kuma ki raina abin. A Maris na 1997 mutum 39 na wata ƙungiya a California suka kashe kansu, saboda sun yarda akwai jirgin wata duniya a bayan tauraruwar nan da Hale da Bopp suka gano. Ban ce yayanki na kan wannan hanya ba, yawancin masu irin wannan ra'ayi ba sa kaiwa ko kusa. Amma ki sa matarsa ta lura. In ya daina barci kwana da kwanaki, ko ya fara cewa saƙonnin bidiyon da shi ake nufi, ko ana bibiyarsa, ko yana jin muryoyi, ko yana maganar gara mutuwa, to wannan ya wuce ra'ayi, likita ake nema, kuma da gaggawa. Ko babu waɗannan, mutumin da ya rasa sana'arsa ya koma kwana ido biyu yana iya kasancewa cikin ciwon damuwa, wanda ake magancewa.

Kuma ki tambaye shi labarin kasuwar. Ina zargin tun bara babu wanda ya zauna ya tambaye shi yadda aka yi, nawa ake binsa, me yake tunanin farawa. Ki nemi shawararsa a kan al'amuranki kamar da, ki bar shi ya zama yaya. In akwai hanyar da za ki taimaka ya koma aiki, ko da haɗa shi da wani ne, ki yi ta yadda ba zai ji kunya ba. Mutumin da ya tashi da asuba yana da wurin zuwa ba ya kaiwa ƙarfe uku na dare a kan bidiyo.

Kada ki sa ran ranar da zai ce "ƙanwata, kin yi gaskiya." Da wuya ta zo. Abin da aka fi gani shi ne zancen ya riƙa raguwa, wata rana ki lura an yi wata biyu bai ambace shi ba. In haka ta faru kada ki tono. In kuma kin je ya ƙi sauraronki a karon farko, ki gaishe shi ki tafi, ki dawo bayan 'yan kwanaki. Amma maganar fili kada ki jira sai kun shirya. Ki kai ta wurin manya a cikin makon nan, kafin a samu mai saye.